Hoto Shaida Ne: Yadda Za Mu Kyautata Ɗaukarsa da Wayar Hannu

Jawabi ga ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Jega, Aliero da Maiyama



An nemi mu yi magana a kan ɗaukar hoto da wayar hannu, da yadda mutum zai kyautata shi. Mun san ba za a rasa mai cewa a ransa, ina ruwan ɗan jami'a da abin da yaro ɗan firamare yake yi da wayar uwarsa ba. To, amsarmu ita ce Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun da daɗewa, ya ce gani ya kori ji. Jega tsohon garin kasuwa ne, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya kuwa bunƙasa har ya zama matattarar fatake. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da ɗorin karaya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a cikinta a 2006. Amma da za a ce yau kowa a ɗakin nan ya kawo hoton kasuwar garinsu kamar yadda take a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, mu nawa ne za mu iya kawowa? Iyayenmu suna da uzuri, domin a zamaninsu kyamara tana da tsada, fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sa'an nan sai an kai shi wurin masu wanki an biya kuɗi. Mu kuwa ga kyamara a aljihun kowa, saboda haka in jikokinmu suka nemi kamannin Jandutsi ko Sabiyal ko Andarai na wannan zamani suka rasa, ba mu da bakin kare kanmu.

Bari mu ɗan waiwayi asalin abin. Alhasan ibn al-Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske yake tafiya a miƙe, da yadda in ya bi ta ƙaramin huji ya shiga ɗaki mai duhu sai siffar abin da ke waje ta fito a bango a juye. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan kowace kyamara. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre ta kama siffar a kan faranti, a Faransa. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta ɗigo 10,000 ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A 2001 wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya. Yau ƙaramar wayar Tecno ko Infinix ko itel tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12 ko fiye, wanda ya isa a buga shi ya cika shafin mujalla.

Abin lura a nan shi ne, yawan ɗigo ba shi ke sa hoto ya yi kyau ba. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma sau ɗaya yakan ɗauki mutum saboda tsadar fim, amma yau manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka suna alfahari da hotunansa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya sami babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Banis a 2007. A nan gida J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara wajen hoto dubu, har ya adana salon kitso da yawa waɗanda da sun ɓace. Ba ɗaya daga cikinsu da ya riƙe na'ura mai wayon wadda ke hannunku. Abin da suka fi mu shi ne sanin haske, da haƙuri, da sanin abin da ya cancanci a ɗauka.

Haske

Mu fara da haske, domin shi ne tawadar mai ɗaukar hoto. Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana, wajen ƙarfe ɗaya saura, rana takan tsaya kusan bisa kai. In aka ɗauki mutum a wannan lokaci sai ramin idonsa ya yi baƙi, inuwar hula ta rufe goshi, shi kuma ya yamutsa fuska saboda zafin rana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, da kuma la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. A waɗannan sa'o'i haske yana zuwa daga gefe, yana da laushi, yana fito da zanen da ke jikin ginin ƙasa da aikin da ke wuyan riga. In kuwa dole ce ta sa a ɗauka da rana tsaka, kamar a taron da ba mu muka sa lokacinsa ba, sai a nemi inuwa mai faɗi, irin ta rumfa ko bakin zaure, mutumin ya fuskanci waje. A guji gindin dogonyaro in ganyensa bai rufe sosai ba, domin hasken da ke ratsowa yakan yi wa fuska dabbare-dabbare.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, watau baƙar fata cikin farar riga. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta ɗauki tsaka-tsaki. In ta ga babbar riga fara fat da farin rawani, sai ta zaci haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar dattijon ta nutse cikin duhu. Matsalar tsohuwa ce, domin shekaru da yawa katin da masu wankin fim na Kodak suke gwada launi da shi hoton Baturiya ne a kai, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launi dabam-dabam. Maganinta a waya mai sauƙi ne. Ku taɓa fuskar mutumin a kan allon wayar, za ku ga alamar rana ta fito kusa da wurin, sai ku ja ta sama kaɗan har fuskar ta bayyana, ku tsaya kafin zaren rigar ya ɓace. In wayar tana da abin da aka rubuta HDR, ku kunna shi, domin yakan ɗauki hoto fiye da ɗaya a ƙiftawar ido, mai haske da mai duhu, ya haɗa su. Har ila yau farin zane ko farin kwali, in wani ya riƙe shi daga gefen da ke da inuwa, yakan mayar da haske kan fuska, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kada a tsayar da mutum taga tana bayansa, ko rana tana bayansa, sai fa in inuwarsa kaɗai ake so, kamar masunci cikin kwalekwale a Gulbin Zamfara da almuru. Hazon hunturu kuwa yana da fuska biyu. Yana dushe abin da ke nesa, har gona ko tsauni su fito fari-fari, amma yana tace rana kamar an shimfiɗa mata mayafi, saboda haka ranar hazo rana ce ta ɗaukar fuskoki. Wanda yake son hoton fadama ko faɗin gari, ya jira damina, bayan an ɗauke ruwa, sa'ad da ƙura ta kwanta. Fitilar waya kuma ba ta da ƙarfi. Ƙa'idar haske ita ce in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka wanda ya kunna ta daga bayan ɗakin taro ƙeyar na gabansa kaɗai zai haska. Da dare gara a matsar da mutum kusa da ƙwan lantarki ko fitilar mai shayi.

Duwatsun murhu uku

Kamar yadda tukunya take zama a kan duwatsu uku, haka hasken hoto yake zaune a kan abubuwa uku: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da ƙofar take buɗe, da ƙarfin jin hasken na'urar, wanda ake rubutawa ISO. A yawancin wayoyi faɗin ƙofar ba ya sauyawa, saura biyu ke nan. In wuri ya yi duhu, wayar takan bar ƙofar a buɗe ta daɗe, ko kuwa ta ɗaga ISO. In ta daɗe a buɗe, ɗan motsin hannu sai ya sa hoto ya yi dishi-dishi. In ta ɗaga ISO, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa hoton ɗaurin aure a waje yake fita tas, na walimar dare kuwa ya ƙi.

Saboda haka a riƙe waya da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a jiki, a tsai da numfashi sa'ad da za a danna. In da bango ko buhu ko kan babur a kusa, a jingina wayar. In aka sa ta jira daƙiƙa biyu ko uku kafin ta ɗauka, girgizar dannawa ba za ta shiga hoton ba. Ga abin da ke gudu kuwa, kamar doki ranar hawan salla, ko 'yan kokawa, ko masunta sa'ad da suka ruga cikin ruwa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana bukatar ƙofar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Wayoyi da yawa suna da sashen ƙwararru inda mutum zai zaɓi wannan da kansa. Inda babu, sai a yi amfani da ɗauka a jere, watau wayar ta harba hotuna da yawa a jejjere, daga baya a zaɓi ɗaya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke ɓata hoto fiye da kome a ƙasarmu. Na farko ƙura da maiƙon yatsa a kan idon kyamara. Wayar da ta yini a aljihu ta bi hanyar Jega zuwa Maiyama bisa babur, lalle idonta yana bukatar a share shi da ƙyalle mai laushi kafin a ɗauki kome. Na biyu jawo nesa da yatsu biyu a kan allo. In wayar ba ta da ido na musamman don nesa, abin da take yi shi ne ta yanki tsakiyar hoton ta baza shi, ɗigon ya ragu, hoton ya dagule. Mai ƙafa ya taka ya matsa kusa.

Tsara abin da ke cikin hoto

Kafin ku danna, ku tambayi kanku, hoton mene ne wannan? In amsar ta ƙi fita a jimla ɗaya, mai kallo ma ba zai gane ba. Kasuwa cike take da abubuwa, wanda ya ce zai kwashe ta duka a hoto ɗaya hayaniya zai samu. Amma hannun mai awo bisa tiya, ko layin buhunan albasa da ɗan dako yana ratsawa, ko mai sayar da kifi tana gyara tire, kowanne labari ne cikakke. A cikin saitin kyamarar waya akwai layuka huɗu da suke raba allo gida tara. Ku kunna su. Da su za ku daidaita bakin gulbi ko gindin gini don kada hoto ya karkace, kuma in kuka ɗora idon mutum a inda layi biyu suka gamu, kuka bar fili ta gefen da yake duba, hoton yakan fi daɗin kallo bisa wanda aka kafa mutum a tsakiya kamar na katin shaida. Wannan shawara ce, ba doka ba, domin ƙofar fada ko masallaci sau da yawa sun fi kyau in aka tsaya daidai tsakiyarsu.

Ku dubi bayan mutum kamar yadda kuke duban fuskarsa. Sau nawa muka ga hoton ango da turken lantarki ya tsiro daga hularsa, ko amarya da bokiti a gefenta? Taku ɗaya zuwa dama ko hagu yakan kawar da su. Keïta zane mai ado yake ratayawa a bayan mutanensa, mu ma tabarma ko bangon ƙasa mai tsabta sun ishe mu. Ku lura da gefunan hoto, kada ku yanke ƙafa a idon sawu ko hannu a wuyansa. In yaro za ku ɗauka, ko dattijon da ke zaune a buzu, ku durƙusa idonku ya yi daidai da nasa. Yin haka ladabi ne, kuma yana ba mutumin kwarjininsa a cikin hoto.

Hoto a wurin aiki da kasuwa

Yanzu ga 'yan'uwanmu ma'aikata. Malamin gona, da malamin asibiti, da injiniya, da malamin makaranta, duk suna rubuta rahoto, kuma sau da yawa wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi bai taɓa taka ƙauyen ba. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A irin wannan hali, hoton da ya nuna ruwa kawai ba ya gamsar da kowa, domin ruwan ko'ina iri ɗaya ne. Abin da muke ba da shawara shi ne a ɗauki kowane abu sau uku: ɗaya daga nesa wanda zai nuna wurin tare da wata alama da aka sani, kamar gada ko makaranta ko wata babbar kuka, ɗaya daga tsaka-tsaki wanda zai nuna ɓarnar, ɗaya kuma daga kusa, da sanda ko mutum a tsaye don a gane zurfi ko girma. In aka yi gyara, a koma daidai inda aka tsaya da farko a sake ɗauka. Hotuna biyu daga wuri ɗaya, na kafin aiki da na bayansa, sun fi shafi goma na bayani, kuma su ne kariyar ƙaramin ma'aikaci ranar da aka zo bincike.

Haka kuma ga manomin albasa na Aliero, ko ɗansa da ke jami'a wanda yake aika wa mai saye a Legas ko Anaca hoton kaya. A shimfiɗa albasar a inuwa, a kan buhu mai launi ɗaya, a ajiye kwalin ashana ko a sa hannu a gefe don a ga girmanta, a yanka ɗaya a nuna cikinta, sa'an nan a ɗauki tarin gaba ɗaya. Kada a ƙara mata ja da na'ura. Wanda ya ga kaya a hoto ya biya, mota ta sauke masa wani abu dabam, ba zai sake saye ba, kuma sunan gari ne ya ɓaci.

Ajiya da amana

Hoton da ba a san wurinsa da ranarsa ba maraya ne. Waya takan rubuta rana da sa'a a cikin hoto in agogonta daidai yake, amma ba ta san sunan mutum ko dalilin taro ba. Ku riƙa rubutawa: wane ne, ina ne, yaushe, me ake yi. Ku sani kuma WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa ɗigo in an aika shi ta hanyar da aka saba, don haka wanda za a buga a mujalla ko a sa a rahoto, a aika shi a matsayin takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya: waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, katin mimori yana mutuwa. Duk hoton da ke da daraja a ajiye shi wuri biyu, a kwamfuta da kuma intanet, inda Google yake ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta. Waɗanda suka fi muhimmanci a wanke su a takarda, a rubuta bayani a bayansu.

Daga nan sai maganar amana, wadda ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Kyamara a hannu ba izini ba ce. A yi sallama, a nemi yarda, musamman ga matan aure, da yara, da majinyata, ko a asibiti suke ko a gidan masu ɗori. Wanda ya yi haɗari a hanya taimako yake bukata, kuma bai kamata iyalinsa su fara ganin gawarsa a Facebook ba. Gyaran hoto, kamar ƙara haske ko yanke gefe, ba laifi, amma cire mutum ko ƙara abin da babu a hoton da za a kafa hujja da shi ƙarya ce. A 2018 BBC ta ba da rahoton yadda aka yaɗa wasu hotuna a Facebook aka ce na rikicin Jihar Filato ne, alhali ba can aka ɗauke su ba, suka kuwa ƙara rura wutar fitina. Ga shi kuma yanzu kwamfuta tana iya ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Saboda haka darajar mai ɗaukar hoton da aka san shi da gaskiya, wanda zai ce ni na ɗauka, a wuri kaza, ran kaza, sai ƙaruwa take yi.

Muna da abin koyi kusa da mu. A 2015, sa'ad da duniya ba ta ganin kome daga Maiduguri sai hoton bom, Fati Abubakar ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a Instagram, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, har manyan jaridun duniya suka juyo suka duba. Abin da muke roƙon ƙungiyar ɗalibai shi ne ta ɗauki irin wannan aiki a ƙasarmu. Kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya zaɓi abu ɗaya a garinsu, ko maƙera, ko masaƙa, ko rumfunan ajiyar albasa, ko mashigin gulbi, ko tsofaffin unguwa, ya kawo hoto goma masu bayani, da yardar masu su. Ƙungiya ta tara, ta ajiye kwafi a ɗakin karatu, mujallarmu kuma ta riƙa buga waɗanda suka fi kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in ɗalibai ɗari suka yi haka, a shekara ɗaya an sami hoto dubu na Jega da Aliero da Maiyama waɗanda 'ya'yan ƙasar suka ɗauka da kansu.

 Masu tambaya, ga fili.